Wa Zai Tsaya wa Gulbin Rima a Gaban Doka?

Gwamnatin tarayyar Nijeriya tana da hukumomin raya koguna guda 12, ciki har da ta Sakkwato da Rima wadda hedikwatarta take nan garinmu, kuma aikin da doka ta ɗora musu shi ne su datse ruwa, su tara shi, su rarraba shi ga gonaki da garuruwa. Aiki ne mai amfani, domin kaso mai yawa na ruwan da muke sha a birnin Sakkwato da rani daga madatsun Goronyo da Bakolori ake sako shi. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne babu wata doka ta musamman da ta ba wani ikon ya nuna wani yanki na kogi ya ce wannan kam a bar shi yadda Allah Ya halicce shi, ya cika lokacin cikarsa, ya janye lokacin janyewarsa. A tsarin da muke kai, duk ruwan da ya wuce bai shiga madatsa ba ana lissafa shi ne a cikin asara.

Amurka ma ta daɗe a kan wannan fahimta, har ta fi mu nisa a cikinta. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960 babu wani babban kogi a yammacin ƙasar da injiniyoyin gwamnati ba su zana masa madatsa ba, kuma a yau rajistar madatsun ƙasar ta haura 90,000. Abin da ya fara juya akalar al'amarin shi ne shirin da aka yi a shekarun 1950 na gina madatsa a Echo Park, a cikin wani yanki da gwamnati da kanta ta riga ta keɓe a kan iyakar jihohin Kolorado da Yuta. Masu kare muhalli sun yi nasarar hana aikin a 1956, amma sun fita daga rigimar da sanin cewa duk kariyar da wani jami'i ya bayar da sa hannunsa, wani jami'in yana iya soke ta da nasa sa hannun. Saboda haka suka nemi kariyar da majalisar dokokin tarayya kaɗai za ta iya bayarwa, ita kaɗai kuma za ta iya janyewa.

Dokoki biyu suka fito daga wannan fafutuka. Ta farko ita ce dokar kare ƙungurmin daji, wadda wani mai fafutukar kare muhalli, Howard Zahniser, ya shafe shekara 8 yana rubutawa yana gyarawa har sau 66, ya kuma rasu 'yan watanni kafin Shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu ranar 3 ga Satumba 1964. Ta fara da eka miliyan 9.1 a wurare 54, yanzu kuwa ta haura eka miliyan 111, fiye da rabinsu a jihar Alaska. A irin waɗannan wurare an hana shimfiɗa hanya, an hana shiga da mota ko injin sare itace, an hana gini da kasuwanci, sai dai mutum ya shiga da ƙafa ko a kan doki ko a kwalekwale, ya gama abin da ya kai shi ya fito. Ta biyu, wadda ta fi jan hankalina, ita ce dokar kare kogunan da ba a datse ba, wadda shi dai Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Oktoba 1968, bayan ƙoƙarin Sanata Frank Church na jihar Idaho da wasu masana namun daji guda biyu, tagwaye, John da Frank Craighead.

Wannan doka ta biyu ta buɗe ne da wata magana da ban taɓa ganin irinta a dokokinmu na ruwa ba, wato manufar ƙasa ta gina madatsu tana bukatar wata manufa a gefenta wadda za ta bar wasu zaɓaɓɓun koguna suna gudana. Ba ta soki madatsa ba, kuma ba ta ce a rushe ko ɗaya ba. Ta ɗauki koguna 8 nan take, irin su Rogue a Oregon da wani yanki na Rio Grande, ta kuma jera wasu 27 da za a bincika. Ƙarfinta yana cikin sashe na 7, wanda ya hana hukumar makamashi ta tarayya ba da lasisin gina madatsa a kan kogin da aka keɓe, ya kuma hana kowace ma'aikatar tarayya ta taimaka da kuɗi ko rance ko izini ga duk aikin da zai cutar da abin da aka keɓe kogin dominsa. Tun da yake da wuya a gina babbar madatsa ba tare da lasisi ko kuɗin tarayya ba, wannan sashe kaɗai ya wadatar.

Ba kuma dukan kogi ake keɓewa ba, yanki-yanki ake ɗauka, tare da gaɓar da ba ta wuce kimanin mita 400 a kowane gefe ba. An raba yankunan gida uku: akwai wanda yake can cikin daji, babu hanyar isa gare shi sai da ƙafa, akwai wanda hanya take kaiwa gare shi nan da can amma gaɓarsa ba ta cika da gine-gine ba, akwai kuma wanda yake kusa da jama'a, da hanyoyi da gidaje, wataƙila ma an taɓa yi masa ɗan datsi a baya. Wannan kashi na uku ya kamata mu lura da shi sosai, domin a ƙarƙashinsa ne aka keɓe ƙarshen kogin American a 1981, yankin da yake ƙasa da madatsa kuma yake ratsa tsakiyar birnin Sacramento, babban birnin jihar Kalifoniya. Manomin da gonarsa take bakin irin wannan kogi ba a ƙwace masa ita, yana ci gaba da nomansa, kuma dokar ta taƙaita yawan filin da gwamnati za ta iya saye a kowane mil. Duk da haka, bayan shekara fiye da 50, abin da aka keɓe bai wuce koguna 200 da 'yan kai ba, tsawon mil 13,000 da wani abu, wanda bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na kogunan ƙasar ba.

Akwai abubuwa biyu da suka faru shekara 4 tsakani, waɗanda idan aka jera su za a ga amfanin dokar fiye da kowane bayani. A 1974 wani kamfanin wutar lantarki ya sami lasisin gina tagwayen madatsu a kan kogin New, aikin da zai nutsar da dubban ekoki na gonaki a jihohin Bajiniya da Karolina ta Arewa. Manoman yankin suka ƙi, gwamnatin Karolina ta Arewa ta mara musu baya, aka yi ta fafatawa a kotu da majalisa, har a 1976 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar da ta kare mil 26 da rabi na kogin, lasisin ya zama ba shi da amfani, aikin ya mutu. A nan gida kuwa, an gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara tsakanin 1974 da 1978, ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka kuma hana wasu manoman shuka shekara da shekaru ana gyaran filayen ban ruwa, ga batun diyya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da suka rasa inda za su kai kuka sai suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, kuma a ƙarshen watan Afrilu 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Manoman wurare biyun abu ɗaya suke karewa, wato gonar gado a bakin ruwa, amma na farko suna da dokar da za su riƙe su shiga da ita majalisa, namu kuwa babu abin da suke da shi sai jikinsu da suka sa a kan hanya.

Waɗanda suke ƙasa da madatsa ba a cika jin labarinsu ba, domin ba a tashe su daga gidajensu ba, ruwa ne kawai ya daina zuwa musu yadda ya saba. Wanda bai zauna kusa da fadama ba yana ɗaukar cikar gulbi a matsayin masifa kawai, alhali kuwa ita ce jarin mutanen Wurno da Kware da Wamakko da Silame, har zuwa Argungu da Birnin Kebbi. Idan gulbi ya taso a tsakiyar damina ya bazu a fadama, kifi yana bin sa ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa su girma a ruwa mai ɗumi marar zurfi, kafin ruwan ya janye ya bar su a tafkuna inda za a yi su da kaka. Shinkafar fadama ta gargajiya tana ƙara tsawo ne gwargwadon yadda ruwa yake hawa. Burgu yana tsirowa ya jira shanun Fulani da za su gangaro da rani. Bayan janyewar ruwa kuma sai ka ga baƙar laka ta kwanta a kan gona, mai santsi a ƙafa, bayan 'yan kwanaki ta tsattsage, ita ce takin da ba a saya, a cikin danshinta ake dasa albasa da tafarnuwa. Ruwan da ya nutse ƙasa shi ne yake sa a haƙa 'yar rijiya kamu kaɗan a same shi, a ɗaga shi da jigo. Binciken da aka yi a fadamun da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa cikar ta ragu a zurfi da faɗi da daɗewa, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani ya ja baya, masunta kuma suka fara tafiya neman kifi a wasu wurare.

Na taɓa tsayawa sayen kifi a Kwalkwalawa, na tarar da wani dattijo a inuwa yana ɗinke komarsa, ya maƙale bakin zaren a babban yatsan ƙafa yana ja yana ƙullawa. Bayan mun gaisa na ce masa, "Baba, tsakanin ƙarancin ruwa da yawansa, wanne ya fi cutar da ku?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, da can mun san lokacin da gulbi zai taso kamar yadda muka san ranar kasuwa, muna shirya masa. Yanzu sai mu kwana da tudu mu tashi da ruwa, ko mu jira shi har kaka bai zo ba." Ya nuna mini wata gona a tsallake inda injin ban ruwa yake ta ƙara, ya ce mai ita yana sayen fetur ne domin ya jawo ruwan da mahaifinsa yake samu kyauta.

Maganar dattijon ta yi daidai da abin da muka gani da idonmu. A watan Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya sauko gaba ɗaya ya share ƙauyuka da amfanin gona, ya yanke hanyar da ke kaiwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har sai da ɗalibai da ma'aikata suka koma tsallakawa a kwalekwale. A farkon 2018 kuma madatsar da aka gina domin ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900 ta ƙafe har aka ce abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma cikin dalilan da aka bayar har da yashi da laka da suka cike ta. Lakar nan da ta zama matsala a bayan bangon madatsa, ita ce dai wadda gonakin fadama suke ƙishirwarta.

Idan aka duba dokokinmu, ba za a ce babu komai ba. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wajibi ne hukuma ta kare ruwa da iska da ƙasa da dazuzzuka da namun daji, sai dai yana cikin babi na 2, wanda sashe na 6 ya hana a kai ƙarar gwamnati a kansa kai tsaye. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta zo ne bayan an gama Bakolori da Goronyo, kuma aikinta shi ne ta auna kowane aiki shi kaɗai idan an kawo shi, ba ta da hanyar cewa tun farko wannan wuri ba a kawo masa aiki. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta damƙa wa tarayya iko da duk kogin da ya shafi jiha fiye da ɗaya, wanda ya haɗa da Rima da Sakkwato, yayin da dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa gaɓar kogin a hannun gwamna. Wato ruwan na Abuja ne, fadamar ta jiha ce, kuma babu wanda aka ce ya kula da haɗuwarsu, alhali a wannan haɗuwa ne arzikin yake. Gandayen daji na ƙasa irin su Kainji da Kamuku da Gashaka Gumti suna kare abin da ke cikin iyakarsu, amma Jihar Sakkwato ba ta da ko ɗaya.

Game da dokar ƙungurmin daji ta 1964, ra'ayina shi ne ba za ta dace da mu yadda take ba, kuma ba na fatan a kwaikwayo ta. An gina ta ne a kan tunanin wurin da mutum yake baƙo, ya zo ya wuce, alhali yawancin wuraren nan 'yan asalin ƙasar suna zaune a cikinsu suna farauta kafin a kore su da ƙarfi a ƙarni na 19. Su kansu Amurkawan sun sassauta: dokar ta bar kiwo ya ci gaba a inda aka riga aka saba yin sa, kuma dokar Alaska ta 1980 da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu ta amince mazauna karkara su ci gaba da farauta da kamun kifi na ci da kai. Mu kuwa mun ɗanɗana abin da ke faruwa idan daji ya zama babu hanya, babu hukuma, babu idon jama'a, domin Gundumi da Rugu da Kuyambana duk sunaye ne da a yau ake ambata da fargaba. Abin da ya cancanci ɗauka daga waccan doka shi ne ƙa'idar cewa abin da aka keɓe ba ya warwaruwa sai da yardar majalisa a bainar jama'a. Da muna da wannan ƙa'ida, da makiyayu da burtalolin da aka shata ƙarƙashin dokar Jihar Arewa ta 1965 ba su zama gonakin masu hannu da shuni ba ɗaya bayan ɗaya.

Keɓe wuri domin amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a cikin ruwa da ciyawa da wuta. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hurumin rijiya da na kogi, inda ba a yarda wani ya mallake ko ya yi gini ba. A Argungu, Matan Fada, wato yankin kogin da ake bikin kamun kifi a cikinsa, yana rufe ga masunta a tsawon shekara ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, shi ya sa ranar da aka buɗe shi dubban mutane suke faɗawa da koma da gora su fito da giwan ruwa, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya da ake taƙama da su. Sai dai ikon Sarkin Ruwa ya tsaya ne a kan masunci. Ba shi da ta cewa a kan ƙofar madatsar da ke nesa da shi a wata jiha, wadda ita ce take yanke hukuncin ko ruwa zai iso Matan Fada.

Wannan giɓi ne nake ganin dokar tarayya ce kaɗai za ta iya cike shi. Ga kogunan da aka riga aka datse, babu mai hankalin da zai ce a rushe Goronyo ko Bakolori, amma ana iya wajabta wa masu kula da su, a rubuce cikin doka, su saki ruwa a tsakiyar damina gwargwadon da zai shiga fadama, a lokacin da aka sanar tun da wuri, bayan an zauna da sarakunan ruwa da sarakunan noma da arɗo-arɗo na ƙasa da madatsar. An gwada irin wannan kusa da mu: a arewacin Kamaru, bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Logone, an buɗe wa ruwa hanya a 1994, ciyawa da kifi da shanu suka fara dawowa. A fadamun Haɗeja da Nguru ma an daɗe ana neman irin wannan saki daga madatsun Tiga da Challawa. Haka kuma ya kamata a shata hurumin gaɓa daga Wamakko zuwa Kware, a tsara inda tifofi za su ɗebi yashi da inda ba za su taɓa ba, domin duk wanda ya bi bakin gulbi da rani ya ga ramukan da ake bari.

Na san cewa duk maganar da ta haɗa ruwa da ikon tarayya tana tayar da ƙura a ƙasar nan. Ƙudurin dokar albarkatun ruwa da aka yi ta kaiwa majalisa tun 2017 ya sha faɗuwa, saboda jama'a da dama suna zargin hanya ce ta ƙwace musu gaɓar kogunansu. Dokar da nake magana a kanta dole ta kauce wa wannan zargi tun daga tsarinta, ta zama mai ɗaure hannun gwamnatin tarayya ita kanta, ba tare da ta karɓi gonar kowa ba. Dokar 1968 ta Amurka ta buɗe wata ƙofa da za ta yi mana amfani a nan, domin ta yarda jiha ta fara keɓe koginta da dokarta, sannan gwamna ya nemi tarayya ta amince, jihar kuma ta ci gaba da kula da shi, kamar yadda jihar Maine ta yi da kogin Allagash a 1970. Majalisun Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna iya fara nasu ba tare da jiran Abuja ba.

Matakin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A Amurka, kogunan da aka sa a jerin bincike suna samun kariya ta wucin gadi har a gama duba su, saboda kada a riga binciken da aza harsashi. Namu jerin zai fara ne da bin Gagare da Bunsuru da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, a tantance sassan da har yanzu suke cika suna janyewa da kansu, a rubuta fadamun da suke shayarwa, da tafkunan da ake su, da mashayun dabbobi, da garuruwan da suka dogara da su. Jami'o'inmu suna da masana ruwa da ƙasa da za su iya aunawa, a wuraren da tsaro ya ba da dama. Su kuma dattawan da suka san inda ruwa yake kaiwa a kowace fadama kafin a rufe Bakolori a 1978, mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura shekara 60, don haka da su ya kamata a fara ɗaukar bayani.